Maƙerin Bindiga da Taubashinsa

Ina tsugune gaban wata ƙofar ƙarfe da nake wa walda a rumfata, bakin hanyar tasha a Dogon Dutsi, sai wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Kawu ne. Ni da shi taubasai ne, uwata ƙanwar ubansa ce, kuma tun muna yara bai taɓa buɗe baki gare ni ba sai da tsiya: ko ya kira ni bawansa, ko ya tambaya gidan wa na ƙone yau. Ran nan sai ya yi sallama cikakkiya. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai ƙarshen gaisuwar na kashe inji na zauna a ƙasa.

"Baba ya cika," in ji shi. "Da hantsin ga. Za a kai shi bayan azahar."

Na tafi gida na iske Inna tana tsince wake. Da na faɗa mata, ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta daɗe haka. Da ta buɗe, ba ta tambayi yadda wanta ya cika ba, ba ta tambayi wa ke kansa ba.

"An hwaɗa ma Mahalbi?" Abin da ta ce ke nan.

Ƙauyenmu yana arewa da Matankari, hanyar duk rairayi. Mun iso ana shirin sallah. Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi, kusa da rumfar ƙira da ke rufe, mutane suka yi ta zuwa. Wani tsohon manomi daga wajen Ɗan Kassari ya ce kalmen da yake noma da shi har yau na Kawu ne, ƙota kawai yake sakewa. Wani saurayi ɗan kasuwa, cikin masu wa'azin nan na gari, ya ce Allah ya gafarta masa abin da hannunsa ya ƙera, wasu suka amsa da amin, wasu suka dube shi. Wata tsohuwa ta tsaya daga nesa ta ce ita ba yau ta yi kukan Kawu ba, ta yi shi tun ranar da hayaƙi ya daina tashi daga rumfar can. Amma duk wanda ya zauna, in ya gama addu'a, sai ka ga ya waiga wajen 'yar turbar da ta nufi gabas. Can ne tungar Baba Mahalbi, ɗan gwaggon Kawu, taubashinsa, abokin aikinsa tun suna samari. An aika masa. Bai zo jana'iza ba. Kowa a wurin ya san shekarun da suka yi suna gaisawa da ladabi, kuma a wajenmu taubasai ba sa yin haka sai in zumunci ya lalace.

Ina rubuta wannan ne don yaranmu da za su tashi su ga rumfa a rufe, su ɗauka ɗakin ajiyar kara ce.

Maƙerar ta girmi ƙauyen. Kawu ya ce kakan kakansa ya kafa ta, lokacin da ake haƙo tama a gindin tsaunuka ana narka ta, lokacin da ƙasarmu ta Arewa ke kare kanta da baka da mashi. In yaƙi ya taso, daga nan ake ɗibar kawunan kibau ana raba wa mayaƙa. Ba wani babban wuri ba ne: zagayen katangar laka, rufin kara, uwar maƙera kafe cikin kututture a tsakiya, zugazugin fatar akuya a gefe. Da Nasara suka zo, baka ta ja baya. Wani tsohon soja ya dawo gida da bindigar da ta lalace, mahaifin Kawu ya kwance ta gaba ɗaya, ya zauna da ita har ya gane cikinta. Daga nan gidan ya koma ƙera harba-ka-ruga, bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Zamanin Kawu da bututun sitiyarin tsohuwar mota ake yin ta. Mafarauta da masu gadin gona daga Sukukutane har tsallaken iyaka sun san ta, don kowace tana da tambarin gidan kusa da kunama, zane kamar sawun zabo. Ana yin hauya da kalme da lauje kuma, su ne ma abincin yau da gobe. Amma sunan gidan a bindiga yake.

Ni ɗan mace ne, ba ni da gadon uwar maƙera. Da na koyi walda a gari, Kawu ya riƙa kirana maƙerin lantarki. "In wuta ta ɗauke, kai da mai saida ƙanƙara duk ɗaya," haka yake ce mini. Yana magana da ƙarfi don kunnensa ɗaya ya mutu da ƙarar masaɓa. Ba ya cin abinci cikin rumfa, ba ya barin kowa ya tsallake awartaki. Mahaifinsa kan yanka jan zakara a gindin uwar maƙera duk farkon shekara. Shi ya bar wannan, ya ce bismilla ta ishe shi, amma bai taɓa yarda a zagi uban nasa a kai ba.

Gidan yana da doka guda da ta fi kowace. Duk wanda ya zo neman makami, kafin a yi maganar komai, Kawu zai ajiye masaɓa ya dube shi ya ce, "Wa ya haihe ka?" In ya san uban, ya san gidan, an gama. In bai sani ba, ko doki ka zo da shi sai ka koma da abinka. Ba takarda, ba shaida. Sunan uba shi ne jingina, don a ganinsa yaro ba zai ɗauki ƙarfe ya je ya zubar da mutuncin wanda ya haife shi ba. Haka ya gada, haka kuma abin ya yi aiki tun zamanin kibiya.

Na taɓa ganin wani mutum ya zo a fusace, shanu sun cinye masa gero, yana son bindiga a ranar. Kawu ya san ubansa sarai. Ya ce to, amma mai zuga ba ya nan, sai ya taimaka. Mutumin ya zauna ya kama zugazugi. Kawu ya sa ƙarfe a wuta, ya fitar, ya duba, ya mayar. Ya tambaye shi labarin gonar, da na shanun, da na mai shanun. Rana ta take, gumi ya jiƙa mutumin, hannuwansa suka mutu. Wajen la'asar Kawu ya tsoma ƙarfen a ruwa ya miƙa masa. Lauje ne.

"Tahi ka yanke abin da ya saura," ya ce. "Gobe mu tahi wurin mai gari tare."

Mutumin ya duba laujen, ya duba hannuwansa, dariya ta kuɓuce masa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Kawu bai taɓa harba bindiga da hannunsa ba. In ya gama sabuwa, sai ya ɗaure ta jikin gawo a bayan gari, ya ƙulla dogon zare a kunama, ya koma bayan suri ya ja. In ba ta fashe ba, harbi na biyu na Baba Mahalbi ne. Shi zai saɓa ta a kafaɗa, ya ce ta yi ko ba ta yi ba, kuma duk wadda ya ƙi, wuta take komawa. Wannan ranar gwaji ita ce kasuwar tsiyarsu. Yara da manya kan bi su don su ji.

"Ku dubi sarkin yaƙi bayan suri!" in ji Baba Mahalbi. "Hito, matsoraci, ta riga ta tashi."

"Ni na san abin da na ƙera, shi ya sa nike ɓoyewa. Kai da ba ka da wayo sai ka rungume ta."

"Bindigarka ko zomo sai ya yi mata dariya."

"Zomon da ka halba bara, mai jakin har yau yana nemanka."

Haka suke tun safe har su rabu. In Baba Mahalbi ya kashe gada, cinya ta gidan Kawu ce, zai jefo ta ta kan danga ya ce a ba mayunwata. In matarsa ta haihu, Kawu ne zai fara isa ya ce Allah ya sa kada jaririn ya ɗauko hancin uban. Autan Baba Mahalbi ma a gaban Kawu ya girma, a gidan yake cin tuwo in ya yi laifi a nasu.

Sannu a hankali daji ya canza. Namun suka ƙare, satar shanu ta yawaita, aka fara ganin baƙin fuska a kan babura. Wasu sun zo rumfar da kuɗi a hannu, Kawu ya yi musu tambayarsa, ya sallame su. Yana jin dokar gidan ta tsare shi, kuma ta tsare shi ɗin, daga baƙi.

Wata rana autan Baba Mahalbi ya zo da bindigar ubansa, wadda Kawu ya ƙera da hannunsa. Ya ce Baba ya ce a rage mata tsawo, ta yi masa nauyi yanzu da ya tsufa. Kawu ya faɗa mini daga baya cewa ransa bai kwanta ba. Mafarauci ba ya son gajeren bututu. Bindigar da aka gajarta ba ta kai wa nesa, amfaninta ɗaya, ta shige ƙarƙashin riga. Amma wa zai tambaya? Yaron da ya san ubansa fiye da kowa a duniya? In ya aika a tambayi taubashinsa ko da gaske shi ya aiko, ya ce ɗansa maƙaryaci ne ke nan. Dokar gidan ta ce sunan uba ya isa. Ya ɗauki zarto ya yanke. Har ya ba yaron saƙo: "Ka ce ma tsohon banzan nan, in ta yi mishi nauyi, in ƙera mishi ta kara."

Saƙon bai isa ba, don Baba Mahalbi bai aiki kowa ba. Yana can yana neman bindigarsa a ɗaki.

Ba a jima ba aka tare wani makiyayi a hanyar Sukukutane, aka kore shanunsa, aka bar shi kwance. Bai kai asibiti ba. Waɗanda suka yi abin sun yar da bindiga guda wajen gudu, da sawun zabo a jikinta. Jandarmomi suka zo ƙauye da ita. Ba su ɗaga wa Kawu murya ba, sun ba shi kujera. Suka tambaya ko ya san ta.

"Aikina ce. Ni na ƙera ta, ni na yanke ta."

"Wa ya kawo maka?"

Kawu ya dubi dattawan da ke wurin. Sannan ya faɗi sunan yaron da na ubansa. Daga baya mutane suka yi ta cewa ai tsoho ne, da ya ce ya manta, wa zai matsa masa? Da Inna ta faɗa masa haka, ya ce, "In na manta ɗan wa ya ɗauki ƙarhe a rumfar ga, to mi muka yi tun kakanni?" Yaron ya tsallake iyaka kafin a zo kama shi. Har yau ba a san inda yake ba.

Makiyayin ma Kawu ya san ubansa. Ya taka da ƙafa har rugarsu ya yi gaisuwa, ya faɗa musu da bakinsa cewa shi ya yanke bututun. Sun ba shi ruwa ya sha.

Hukuma ta kwashe kayan ƙera bindiga, ta sanar da maƙeran yankin duka cewa an hana. An gaya wa Kawu a fili cewa hauya da lauje ba laifi, ya ci gaba. Washegari da safe ya shiga rumfa, ya hura wuta kamar kullum har ta yi ja, ya ɗauki tulun ruwa ya juye mata. Babban ɗansa ya shigo da gudu cikin tururi.

"Baba, bindiga anka hana! Damina na tahe, mutane na jiran kalme. Mi za mu ci?"

"Ka tahi gona."

"Gidan ga tun kakan kakanka wuta ba ta mutu ba."

"Tun kakan kakana in an tambayi yaro ubansa, an san shi. Yanzu mi zan tambaya?"

"Kalme ba ya kashe kowa, Baba."

"Hannun dai shi ne," ya ce, ya fita, ya ja asabari ya ɗaure.

Sun yi kwanaki ba sa magana. Ɗan ya yi fushi, kuma yana da gaskiyarsa, don gidan ya sha wuya shekarar nan. Daga baya ya koma sarin hauyoyi a kasuwar Dogon Dutsi yana kaiwa ƙauyuka. Kawu kan ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da farce, ya saurara da kunnensa mai ji, ya ajiye.

Baba Mahalbi ya zo bayan an rufe rumfar. Matan gida suka ji tafiyarsa suka yi tsit, suna jiran ko faɗa ko kuka. Ya tsaya a ƙofar zaure.

"Salamu alaikum. Malam, ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali?"

Kawu ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi masa ba. "Lahiya lau, Malam. Ya naka iyalin?"

Matar Kawu ta ce da ta ji haka sai ta shiga ɗaki ta fashe da kuka. Ɗaya yana ganin an miƙa ɗansa ga hukuma ba a ko zo an gaya masa ba. Ɗayan yana ganin an bar yaro ya lalace har ya zo ya yi ƙarya da sunan uba a rumfarsa. Ba wanda ya faɗi nasa a fili. Suka ci gaba da haɗuwa a masallacin Juma'a da wurin suna da jana'iza, suna ba juna hannu biyu, suna tambayar lafiya. Liman ya yi ƙoƙari, ya ce ai ba gaba suke ba tunda suna sallama. Inna ta ce masa, "Malam, sallamar ita ce gabar."

Kawu ya rayu shekaru bayan haka, amma ya zama mai shiru. Yakan zauna ƙarƙashin bedi da carbi, bayansa ga rumfa. Tsiyar da yake mini ma ta ragu, har na riƙa tsokanarsa don in ji ya kira ni maƙerin lantarki.

Da kakar bana ciwo ya kwantar da shi. Na kai Inna ta duba shi. Muna zaune, yana kwance ido rufe, mun ɗauka barci yake, sai ya ce da ƙarfi irin na da:

"Wai tsohon banzan nan mai halbin jakin mutane, yana nan da rai, ko zomaye sun cinye shi?"

Inna ta dafe baki. Ta jawo ni waje. "Hau babur yanzu. Ka hwaɗa mishi yadda ya hwaɗa, kada ka gyara ko kalma guda."

Na iske Baba Mahalbi a gindin rumbu, ƙafarsa ta kumbura an ɗaure ta da tsumma. Na gaishe shi, na ce Kawu ya aiko ni, kuma ya yafe mini abin da zan faɗa. Na faɗa. Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya ce, da hawaye a cikinta.

"Haka ya ce? Jakin mutane?"

"Haka ya ce, Baba."

"Matsoracin bayan suri. To ka ce mishi..." Ya tsaya. Ya share fuska da hannun riga. "A'a. Wagga ba ta aike ba ce, kai ba ka iya ta, za ka ɓata ta. Ni za ni kai mishi da kaina. Bari ƙahwar ga ta sauka."

Na koma na gaya wa Kawu. Ya yi murmushi, ya ce, "Shi taho. Ina nan, ba ni zuwa ko'ina." Matarsa ta ce tun daga ranar, duk amalanken da ya wuce sai ya tambaya na wa ne. Ƙafar ba ta sauka da wuri ba.

Ranar sadakar uku, ana cikin raba waina, amalanken jaki ya fito daga turbar gabas. Hira ta tsaya. Baba Mahalbi ne, jikansa ya taimaka masa ya sauko, ya dogara sanda ya zo har tabarma. Ya yi wa babban ɗan Kawu gaisuwa, ya yi wa Inna, aka yi addu'a aka shafa. A al'adarmu taubashi yana da izinin da ba wanda ke da shi a gidan mutuwa: ya tsokani mamaci, ya ce ya gudu ne don tsoro, ya sa masu kuka dariya. Tsofaffi suka matsa suka ba shi wuri, suna jira.

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi rumfar.

"Ku buɗe mini," ya ce.

Aka kwance asabari. Gizo-gizo ya rufe zugazugi, fatar ta bushe ta tsage, uwar maƙera ta yi tsatsa. Ya shiga shi kaɗai ya zauna a kan dutsen da yakan zauna da, gefen ramin wuta. Muna hangensa daga waje. Da ya fito na kama hannunsa zuwa amalanke, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, amsar nan fa? Ko mu ka faɗa wa, mu ji."

"Na shirya ta tun ranar," ya ce. "Mai kyau ce. Da ta kada shi." Ya gyara zama, ya karɓi sandarsa. "Ba taku ba ce."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya jiƙan makiyayin nan, ya shiryi yaron da ke can wata ƙasa. Baba Mahalbi yana nan da rai a tungarsa, nakan je in gaishe shi. Amsar tana wurinsa, har yau bai faɗa wa kowa ba.